Manhajojin Auna Yanayin Zuciya: Amfaninsu da Iyakarsu

Babu gwajin jini da ke nuna ciwon damuwa. Madogarar likitan ƙwaƙwalwa ita ce bayanin majinyaci, kuma takardar tambayoyi tara da aka fi amfani da ita, wato PHQ-9, tana neman mutum ya tuna yadda makonni biyu da suka wuce suka kasance masa. A nan gizo ke saƙar: wanda ya zo asibiti cikin ƙunci yakan ga kwanakin baya duk baƙaƙe ne, wanda ya zo da sauƙi kuwa ya manta dararen da ya kwana ido biyu.

Tun a shekarun 1970 Mihaly Csikszentmihalyi da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago suka fito da wata dabara. Sukan ba mutum 'yar na'ura, duk sa'ar da ta yi ƙara sai ya rubuta abin da yake yi da abin da ke ransa nan take. Wayar hannu ce ta gaji wannan aiki, har ta zarce: wasu manhajojin bincike na lura da yawan fitar mutum daga gida, da lokacin da yake ajiye waya da dare, da raguwar kiran da yake yi. Wannan ɓangare na da amfani, domin yana nuna wa likita hawa da saukar ciwo tsakanin ganawa da ganawa.

Inda aka yi zuzutawa shi ne karanta zuciya daga fuska. A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu sun bi diddigin binciken da aka tara a kai, suka nuna cewa ɗaure fuska ba lallai fushi ba ne, murmushi ma ba shaidar farin ciki ba ne. Wanda ya tashi cikin al'adar kunya da dauriya, inda mai jinya ke amsa gaisuwa da "da sauƙi" ko da yana jin jiki, ba zai yi mamakin haka ba. A 2022 Microsoft ta sanar da janye irin wannan fasaha, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kuma ta hana amfani da ita a makarantu da wuraren aiki, sai don dalilin lafiya ko kariya daga haɗari.

Sai batun sirri. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa BetterHelp, wani kamfanin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman taimako ga kamfanoni irin su Facebook domin talla.

Saboda haka, abin da ya dace shi ne a ɗauki manhaja a matsayin littafin ajiyar bayani. Mutum ya riƙa rubuta barcinsa, cin abincinsa da yanayin ransa a lokaci guda kullum, ya kai wa likita su duba tare. Kafin ya sauke manhaja, ya bincika wa ya ƙirƙire ta, ina bayanan ke zuwa, kuma ko ana iya goge su. Wadda ta nemi kyamara ko lambobin mutane ba gaira ba dalili, a bar ta. Kada a fara magani ko a daina shi bisa sakamakon waya. Wanda damuwa ta hana shi harkokinsa har mako biyu ya ga likita, wanda tunanin halaka kansa ya zo masa kuwa a kai shi asibiti a ranar.