Yaro Ƙarami Malamin Iyayensa Ne Wajen Gaskiya

 Kowa ya sani wajibi ne iyaye su koya wa 'ya'yansu ladabi da addini. Abin da aka fi mancewa shi ne, yaron da bai ko iya tsarki ba yana da darasin da yake karantar da iyayensa kullum, watau darasin gaskiya.

Hadisi ya tabbata a littattafan Buhari da Muslim, daga Abu Huraira, cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke karkatar da shi daga baya. Alamar wannan fiɗira kuwa a fili take a kowane gida. Idan uba ya ce wa ɗansa mai shekara 4 zai sayo masa alewa, yaron ba ya ɗaukar maganar rarrashi. Zai zauna a zaure har magariba yana jiran alewa. Haka kuma idan mai bin bashi ya yi sallama, maigida ya aiki yaro ya ce ba ya nan, sau da yawa yaron kan fita ya ce, "Baba ya ce wai ba ya nan." Akan yi dariya, wani uban ma ya hau shi da faɗa. Amma fa a wannan gida yaron ne kaɗai bai yi saɓo ba.

Imam Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir, cewa wata rana yana yaro Manzon Allah (S.A.W.) yana zaune a gidansu, sai mahaifiyarsa ta kira shi, ta ce ya zo ta ba shi wani abu. Annabi ya tambaye ta me take nufin ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya guda. A lura, ba kotu aka je ba, ba ciniki ake yi ba, uwa ce kawai take kiran ɗanta. Duk da haka mala'iku masu rubutu ba su ɗaga alƙalami don wanda aka yi wa maganar ƙarami ne.

Wani zai ce ai shari'a ta yi sassauci a wasu wurare. Haka ne. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba da ke cikin Muslim ya ambaci wurare 3: yaƙi, da sulhunta mutane, da zancen miji da matarsa. Rarrashin yaro da alkawarin banza ba ya cikinsu, balle razana shi da dodo ko da ɗan sanda. Ranar da yaro ya gane babu dodon, ranar ce ya gane maganar mahaifinsa iri biyu ce, kuma ba shi da hanyar bambance wadda za a riƙe da wadda za a zubar, har da maganar salla.

Wani lokacin ma ɗa da bakinsa yake tunatar da mahaifi. Masu tarihi, irin su Ibn Abdul Hakam, sun kawo labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi halifanci daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira. Wani dare yana zaga Madina tare da baransa Aslam, sai ya jingina da wata katanga. Ya ji wata mai sayar da madara tana umartar 'yarta ta zuba ruwa a ciki. Yarinyar ta tuna mata cewa Sarkin Musulmi ya hana. Uwar ta ce ai Umar ba ya ganinsu. Yarinyar ta amsa cewa ba za ta yi masa biyayya a fili ta saɓa masa a ɓoye ba, kuma in Umar ba ya gani, Ubangijin Umar yana gani. Ita wannan ta tasa, ba kamar Abdullahi ba, amma abin da ta yi shi ne riƙe gaskiyar da aka haife ta da ita, alhali uwarta talauci ya fara sa ta sassauci. Ba ta zagi uwar ba, ba ta kuma ɗaga mata murya ba, ta dai ƙi zuba ruwan.

Umar ya sa aka shaida gidan. Da gari ya waye ya bincika, ya iske yarinyar ba ta da miji, sai ya aurar da ita ga ɗansa Asim. Suka haifi 'ya mace, Ummu Asim, wadda ta auri Abdul Azizu ɗan Marwan, gwamnan Masar. Ita ce ta haifi Umar ɗan Abdul Azizu, wanda ya hau halifanci a shekara ta 99 bayan Hijira, daidai da 717 Miladiyya, ya mayar wa mutane da dukiyoyin da danginsa Banu Umayya suka karɓe da zalunci, ya rasu a shekara ta 101.