Wane Tsuntsu Ne Turawan Dā Ke Kira Hernshaw?

Tambaya: Na ci karo da kalmar hernshaw a wani tsohon littafin Turanci, aka ce mini tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa. Wane tsuntsu ne, kuma me ya sa ba a jin kalmar yanzu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, zalɓe ne, wannan dai da kake gani tsaye ƙiƙam cikin fadama, wuya a lanƙwashe, yana dakon kifi ko kwaɗo. Turawan yau heron suke ce masa.

Kalmar baƙuwa ce a Ingila. Bayan Normandawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, daga cikinsa kuwa aka ari heronceau, wato ɗan zalɓe. Baki ya yi ta murɗa ta, shi ya sa za ka gan ta a rubuce iri-iri: heronsew, heronshaw, hernshaw.

Ciki ne ya sa ɗan ya samu sunan kansa, domin namansa cimar manya ce a wancan zamani. A walimar naɗin George Neville shugaban cocin Yok a 1465, zalɓe 400 aka lissafa cikin kayan girki. Sarakuna kuma kan fita farautarsa da horarren shaho. Da aka bar cin naman, farautar ta ja baya, sai kalmar ta bi su.

Inda ta fi ba ni sha'awa shi ne wasan Hamlet na Shakesfiya, wanda aka rubuta wajen 1600. Yarima Hamlet yana nuna hankalinsa bai gushe ba, sai ya ce yana bambance shaho da zarto. To ina haɗin tsuntsu da zarton kafinta? Masana da dama na ganin handsaw, wato zarto, hernshaw ce ta gurɓace. Ni ma nan na karkata, don mafarauci ne ke bukatar tantance shahonsa da zalɓen da yake bi a sama, ko da yake wasu masanan suna nan a kan zarto.

Kalmar ba ta mutu murus ba, a karkarar Nofok da ke Ingila ana jin harnser. Amma in jarrabawa za ka rubuta, ɗan'uwa, tsaya a kan heron.