Kafin Ka Zargi Kwamfutarka

Masu zanen gini a Dutse da ke aiki da SketchUp, ga shawara. Kayan ƙari na RoundCorner da Curviloft ba sa tashi sai da LibFredo6, rumbun da yawancin kayan Fredo6, wanda ya ƙirƙire su, ke ɗiba daga cikinsa. Shi za ka fara sakawa ta Extension Manager, ka rufe manhajar, ka sake buɗewa. CleanUp3 kuwa rumbun TT_Lib2 yake nema.

Matsalar rashin tashin ta fi yawa wajen karɓar tsohon fayil a filashi daga abokin aiki: rumbu tsoho, kayan aiki sabo, suna iya saɓawa. Sauke sabo daga SketchUcation. In intanet ta yanke ana tsakiyar saukewa, goge fayil ɗin, ka sake tun farko.