Shirin Gudun Famfalaki: Horo, Abinci da Zumunci

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da yadi 385. Ya ɗan haura rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya. An fara yin wannan tsawo a wasannin Olamfik na London a 1908, aka tabbatar da shi a 1921. Afirka ta shiga sahun gaba tun 1960, sa'ad da Abebe Bikila na Habasha ya ci gasar birnin Rum ba takalmi a ƙafarsa. A nan gida kuwa, tun 2016 ake yin babbar gasar Legas a watan Fabrairu.

Yawancin masu shiga irin wannan gasa ba sana'arsu ba ce. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, maza da mata, masu iyali da dangi. Abin da ya fi kayar da su tun kafin ranar gasa shi ne rashin tsara lokaci da abinci.

Kafin kome, wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji a wajen aiki, lalle ne ya ga likita. Sa'an nan ya ba kansa mako 16 zuwa 20 na horo, in dai da ma ya saba da ɗan gudu. Yakan fita sau huɗu a mako, uku gajeru, ɗaya mai tsawo. Kada ya ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan abin da ya yi makon jiya, domin garaje shi ke jawo ciwon gwiwa da na ƙwauri. Gudu mai tsawon yana ƙaruwa a hankali har ya kai kilomita 30 ko 32, daga nan a rage a makonni biyu ko uku na ƙarshe don jiki ya huta.

Wanda ke nufin gasar Fabrairu zai fara horo wajen Oktoba, watau horonsa zai ratsa ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa suka fi yawa. Ga ɗaurin aure, ga suna, ga gaisuwar rasuwa wadda ba ta sallama. A nan mutane kan kasu biyu. Wani ya ƙaurace wa kowa har dangi su ce ya yi girman kai, wani kuma ya bi kowace gayya har horon ya watse. Duka biyun kuskure ne, amma na farkon ya fi wuyar gyara, gama gasa ta yini ɗaya ce, dangi kuwa suna nan.

Dabarar ita ce mai gudu ya gane cewa dare ɗaya ne kawai a mako ba ya taɓuwa, watau daren da ke gaban gudu mai tsawo. A wannan dare ya ci abinci da wuri, ya bar goro da shayi mai kauri tun la'asar, ya kwanta ya sami barcin awa bakwai ko takwas. Sauran darare ana iya sassautawa. In ɗaurin aure ya faɗo ranar Asabar, sai ya mayar da gudun Lahadi ko Jumma'a da sassafe, ba abin da zai ragu. In hira ta yi daɗi a majalisa, ya zauna ya gaisa da kowa, ya yi sallama da wuri. Kuma ya kamata ya faɗa wa mutanen gidansa da abokansa abin da ya sa gaba tun farko. Wanda aka sanar da shi yakan yi uzuri, har ma ya taya da riƙon gorar ruwa a bakin hanya. Wanda aka ɓoye wa shi ke zargi.

Game da abinci, ba a bukatar wani abu na kanti mai tsada. Jiki yana ajiye sitaci a cikin tsoka da hanta, kuma ajiyar ba ta wuce abin da zai kai mutum wajen kilomita 30. Shi ya sa masu gudu da yawa kan ji ƙafa ta mutu a daidai nan. Tuwon shinkafa da na masara, doya, dankali, taliya da fura duk suna cika wannan rumbu. Wake, alala, ƙwai, kifi, nono da nama su ke gyara tsokar da ta gaji, kuma an fi son a ci su cikin awa ɗaya ko biyu bayan gudu. Kafin fita da safe, ɗan koko ko ayaba ko burodi ya isa. Ƙosai da tsire da duk abin da ya sha mai da yaji, a bar su sai an dawo, don suna daɗewa a ciki.

Abincin biki ba abin tsoro ba ne. Shinkafa dafa-duka abincin mai gudu ce sosai, kuma ƙin cin abincin mai gayya abin kunya ne. Sai dai a rage soye-soye da lemon kwalba. Giya da taba kuwa ba su da wuri a wannan shiri. Akwai kuma masu rage cin abinci don su rame su yi sauri. Wannan yana kawo kasala da ƙarancin jini, musamman ga mata.

Ruwa yana da nasa hatsari ta fuska biyu. A hunturu gumi na bushewa nan da nan, mutum bai san ya yi asarar ruwa ba. Fitsari mai duhu alama ce. A gudu mai tsawo a riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, da ɗan gishiri da sukari a ciki. Amma ɗura ruwa zalla fiye da kima yana tsarma gishirin jini, har ya kai ga suma. Wanda ya yi horonsa a sanyin Jos ko busasshiyar iskar Kano ya sani zafin Legas mai laima ne, gumi ba ya bushewa, don haka ya fara a hankali. In ya ji jiri, ko ruɗewa, ko tsigar jiki tana tashi cikin rana, ya tsaya ya nemi ma'aikatan lafiya.

Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka yakan faɗo cikin horo. Mai azumi ya rage nisa, ya yi gudunsa bayan buɗa baki ya ɗan narke, ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur.

A kwana uku na ƙarshe a ƙara abinci mai sitaci, a rage ganye da wake. Ranar gasa a karya kumallo awa uku kafin tashi, da abin da ciki ya riga ya sani, a kuma sa takalmin da aka saba gudu da shi, ba sabo ba.