Ƙasa Mai Kyau: Shuka Kayan Miya a Buhu da Bokiti

A cikin misalin mai shuka (Matiyu 13:3-9), iri ɗaya ne aka yafa, amma wurin da ya faɗa shi ne ya raba amfanin. Wanda ya faɗa a kan duwatsu ya tsiro da wuri, rana kuwa ta ƙone shi domin saiwarsa ba ta sami zurfi ba. Ubangiji Yesu yana magana ne a kan zuciyar mai jin Maganar Allah, amma ya ɗauko misalin daga abin da kowane manomi ya sani. Wannan sani yana da amfani ga masu bi da suke zaman haya a Jos, Jalingo ko Kafanchan, da kuma iyalan da tashin hankali ya raba da gonakinsu. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin cefane ya hau, alhali tumatir, attarugu da alayyahu suna iya girma a tsohon bokiti a bakin ƙofa.

Yawancin masu gwadawa sukan haƙi ƙasar tsakar gida su cika buhu da ita kawai. Bayan 'yan makonni na ban ruwa sai ta danƙare kamar tubali. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, in ta rasa sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, uwargida kuma ta ɗora wa iri laifi.

Haɗin da masu rainon itatuwa suka saba da shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa: kwano 3 na baƙar ƙasa, kwano 2 na ruɓaɓɓen taki, kwano 1 na yashin rafi. Baƙar ƙasa ita ce ta sama, musamman ta ƙarƙashin itace inda ganye ya daɗe yana ruɓewa. Inda akwai injin cashe shinkafa, buntu yana iya maye gurbin yashi, in an babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. Yana da sauƙin ɗauka, abin da tsofaffi da gwauraye za su yaba.

A wajen taki ne gaggawa take yin ɓarna. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Sai a tara shi a inuwa tare da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, ana yayyafa ruwa ana juyawa, har wata 2 ko 3. Ya nuna ke nan in zafinsa ya kwanta, warinsa ya koma na ƙasar damina. Ɗanyen garin katako ma bai dace ba, gama yayin ruɓewa yakan janye abincin da shuka take bukata. Toka kuwa, tafin hannu ɗaya ya isa bokiti.

Ba kowace ƙasa ce za a ɗiba ba. A guji ta bakin garejin makanikai, da inda ake zubar da tsofaffin batura, da tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a Filato. Gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ba a gane irin wannan guba da ido ko da hanci.

Akwai ƙananan tsutsotsi da suke sa saiwar tumatir ta kumbura. Don rage su, a jiƙa haɗin, a ƙulle shi a leda, a bar shi a rana mako 4 zuwa 6 a lokacin bazara. Kafin a cika, a damƙi ƙasar da laima: ta haɗu a hannu, ta kuma warware in an taɓa ta da yatsa. A huda gindin bokiti wuri 5 ko 6. Tumatir ɗaya yana son bokiti mai lita 20, alayyahu kuwa zurfin taƙi ɗaya ya ishe shi. Bayan girbi a ƙara taki, a sa ganye a inda tumatir ya tashi.