Gyaran Jirgin Ruwa da Amalankensa

Garin Kazaure yana kan hanyar Kano zuwa Daura, a tsakanin duwatsu. Da can yana cikin Jihar Kano, amma tun shekarar 1991 ya koma Jihar Jigawa. Wanda bai san ƙasar ba, in ya ga duwatsun nan, sai ya zaci ba ruwa a cikinta. Alhali kuwa akwai Kogin Gari, akwai kuma madatsar ruwa ta Ayuba a gefen gari. A ƙasashen Roni da Gwiwa da Babura ma, in damina ta yi nisa, rafuka da tafkuna su kan cika har su tumbatsa.

Inda duk ruwa ya taru ba a rasa masunta, masu kama tarwaɗa da karfasa. Wasu da gora su ke shiga, wasu kuwa da jirgi. Ba masunta kaɗai ke bukatar jirgi ba. Manomi ya kan shiga don ya haye zuwa gonarsa, 'yan kasuwa su kan shiga da kayansu, har 'yan makaranta irinku. Saboda haka lafiyar jirgi lafiyar mutane ce.

Jiragen ruwa na ƙasarmu

Jirgin da kakanninmu suka sani shi ne kwalekwale. Masassaƙi ya kan sami babban ice, kamar maɗaci, ya fafe cikinsa da gizago. Daga baya aka koyi haɗa jirgi da katako da ƙusa. In irin wannan jirgi ya tsage, sai a cusa auduga ko tsumma a tsagar, a shafe da kwalta, wani lokaci kuma a buga fallen gwangwani a kai.

Akwai kuma wani iri wanda ba na ice ba ne, ba na ƙarfe ba. Ana kiransa jirgin faiba. Ku tsaya ku ji abin mamaki: asalinsa yashi ne! Da yashi a ke yin gilashi. In an narkar da gilashin, sai a ja shi ya zama zare siriri, wanda gashin kai ma ya fi shi kauri. Da zaren nan a ke yin wani farin ƙyalle. Sa'an nan a jiƙa ƙyallen da wani irin danƙo mai ruwa-ruwa. In danƙon ya daskare, sai su zama abu guda, mai tauri, marar nauyi. A Amurka aka fara yin zaren nan da yawa cikin shekarun 1930, aka kuma fara yin jiragen ruwa da shi cikin shekarun 1940.

Jirgin faiba ba ya ruɓewa kamar ice, ba ya tsatsa kamar ƙarfe, gara kuma ba ta cinsa. Amma in ya bugi dutse ko kututture, ko aka dinga jansa a kan tsakuwa, ya kan tsage ko ya huje.

Ƙaramar tsaga, babbar hasara

Wani ya kan ga 'yar tsaga ya ce, ai ba komai, na dinga kwashe ruwan da ƙwarya. To, bari mu yi lissafi. Nauyin ruwa lita 1 kilo 1 ne. In tsagar tana shigo da lita 1 kowane minti, cikin awa guda an sami lita 60, watau kilo 60. Wannan kuwa ya kai nauyin babban mutum. Kun ga ke nan an ƙara wa jirgin fasinja guda wanda ba wanda ya ga shigarsa. Ruwan cikin jirgi kuma ba ya zama wuri ɗaya. In jirgin ya karkata dama, sai ruwan duka ya gangara dama, ya ƙara rinjayarsa.

Jirgin da nauyi ya yi masa yawa ba ya jure iska ko igiyar ruwa. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari, a Bagwai ta Jihar Kano. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. An ba da labarin cewa an cika jirgin fiye da kima. Allah ya jiƙansu. Nauyi dai nauyi ne, ko na mutane, ko na kaya, ko na ruwan da ya kurɗo ta tsaga. Don haka Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da rani a ke gyaran jirgi, tun kafin ruwa ya cika.

Yadda a ke gyaran

Da fari a kan fito da jirgin tudu, a kife shi, a wanke, a bar shi ya bushe sarai, gama danƙo ba ya kama wuri mai damshi. Sa'an nan mai gyara ya ɗauki ƙotar wuƙa ya bi jikin jirgin yana ƙwanƙwasawa. Inda ke da lafiya ya kan yi ƙara ƙal-ƙal. Inda ya lalace ta ciki kuwa sai a ji dum-dum. Sau da yawa ɓarnar ta kan fi abin da ido ya gani faɗi.

Na biyu, sai ya yanke wurin da ya lalace duka, ya goge bakin ramin da samfefa har ya zama gangare, kamar bakin faranti. Masu sana'ar suna da ƙa'ida: faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12. In kaurin rubu'in inci ne, gangaren zai zama inci 3 ta kowane gefe. Dalili kuwa shi ne domin sabon ƙyalle ya sami fili mai yawa da zai kama tsohon. In ramin ya ratsa har ciki, sai a tokare bayansa da kwali wanda aka lulluɓe da leda, don kada danƙon ya manne masa.

Na uku, sai ya share ƙurar tas, ya yanka ƙyallen gilashi falle-falle, kowane falle ya ɗan fi na kusa da shi girma, yadda in an jera su za su cike gangaren daidai.

Na huɗu shi ne haɗa danƙo. Danƙon nan ba ya daskarewa sai an ɗiga masa wani ruwan magani, kashi 1 ko 2 cikin 100. In maganin ya yi kaɗan, danƙon ba zai yi tauri ba. In ya yi yawa, sai ya yi zafi ya sandare tun yana cikin gwangwani. Zafin rana ma yana sa shi saurin daskarewa. Saboda haka a ƙasa mai zafi irin tamu da sassafe a ke aikin, a inuwa, a kuma dinga haɗawa kaɗan kaɗan.

Na biyar, sai ya shafa danƙon da buroshi, ya shimfiɗa falle ɗaya, ya daddanna har ya jiƙu, sa'an nan ya ɗora na gaba. Ƙyallen da ya jiƙu sosai farinsa ya kan ɓace. Inda duk aka ga fari ya saura, iska ce ta maƙale, dole a danne ta ta fita, don nan ne wurin zai fara ɓarewa.

Daga nan sai haƙuri. A bar shi ya kwana ya yini, sa'an nan a goge ya yi sumul, a shafa fenti. Kafin a ɗauki kowa, sai a sa jirgin a ruwa kusa da gaɓa, a duba ko yana yoyo.

Yara, wannan aiki na manya ne. Ƙurar gilashi tana sa ƙaiƙayi, tana kuma cutar da huhu, shi ya sa mai gyara ke rufe hancinsa da bakinsa. Ruwan maganin yana iya makantar da ido, danƙon kuma yana kama wuta. In kuna kallo, ku tsaya nesa.

Amalanken ɗaukar jirgi

Ba a ruwa kaɗai jirgi ke tsagewa ba, ya kan tsage a kan hanya ma. In za a kai shi wurin gyara, ko daga wani tafki zuwa wani, a kan ɗora shi a amalanken shanu, ko a tirela wadda mota ke ja. A cikin ruwa, ruwan ne ke tallafe jirgi ta ko'ina. A kan amalanke kuwa 'yan wurare kaɗan ne ke ɗauke da nauyinsa. In ya zauna a kan ƙarfe mai tsini, kowane gargada zai zama kamar bugun guduma.

Saboda haka a kan shimfiɗa katako biyu a tsawon amalanken, a naɗe su da buhu ko tsohuwar darduma, a matsa da su har su yi daidai da cikin jirgin. Ƙashin bayan jirgin, watau doron nan da ya bi ƙarƙashinsa daga goshi zuwa gindi, shi ya fi ko'ina ƙarfi, shi ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin. Kada a bar gindin jirgin yana reto a iska, balle in akwai inji a jikinsa.

Sai kuma daidaita nauyi. In jirgin ya yi baya da yawa, gaban amalanken zai ɗaga, karkiya ta shaƙe shanu, tirela kuwa ta dinga wutsil-wutsil a bayan mota. In ya yi gaba da yawa, sai ya danne wuyan shanun. Abin da a ke so shi ne gaba ya ɗan rinjayi baya kaɗan. Sa'an nan a ɗaure jirgin da igiya gaba da baya, a duba iskar tayoyi, a sa wa ƙafafun giris, domin ruwa yana wanke shi in an shiga da su tafki. In an ɗan taɓa tafiya, sai a tsaya a sake jan igiyoyin.

Abin da za ku riƙe

Ko ba ku iya gyara ba tukuna, kuna da ido. In za ku shiga jirgi, ku dubi cikinsa. In kun ga ruwa yana tsattsafowa, ku gaya wa matuƙi ko wani babba. In kun ga jirgi ya cika har bakinsa ya kusa shafar ruwa, ku dakata a dawo a ɗauke ku. In akwai rigar kariya, ku sa. Kada ku miƙe tsaye ko ku yi wasa a ciki. Tsagar da aka gani a tudu 'yan kuɗi ta ke ci, wadda aka gani a tsakiyar ruwa kuwa rai ta ke nema.

Tambayoyi

1. Da me a ke yin jirgin faiba?
2. In tsaga tana shigo da ruwa lita 2 kowane minti, kilo nawa zai taru cikin rabin awa?
3. Yaya mai gyara ke gane inda jirgi ya lalace ta ciki?
4. In kaurin jikin jirgi rabin inci ne, inci nawa gangaren zai zama?
5. Don me a ke haɗa danƙo da sassafe?
6. Me zai sami shanu in jirgi ya yi baya da yawa a kan amalanke?
7. Ku bayyana ma'anar wannan karin magana: ba a fafe gora ranar tafiya.