Darasi na Bakwai: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Riƙe Abin da Aka Koya

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa malami kan koyar da ƙa'idar nahawu yau, gobe ya tarar ta kuɓuce wa ɗalibai. Wannan darasi zai duba tushen tunawa da mantuwa a cikin ƙwaƙwalwa.

2.0 Hifokamfas da Mahaɗar Jijiyoyi

Hifokamfas sashe ne na ƙwaƙwalwa da ke taimakawa wajen adana sabon sani. A shekarar 1953 aka cire wa Henry Molaison mafi yawan wannan sashe a Amurka domin magance farfaɗiya. Daga nan ya kasa riƙe sababbin al'amura, ko da yake harshensa bai taɓu ba.

Ƙwayoyin jijiya suna isar da saƙo ga juna ta wata 'yar mahaɗa. A 1973, Bliss da Lomo suka nuna a kan zomaye cewa idan aka zaburar da mahaɗar a jere da sauri, ƙarfinta kan ƙaru har tsawon sa'o'i.

3.0 Aikin Kinas

Kinas furotin ne mai liƙa fosfet a jikin wani furotin, ta haka ya sauya aikinsa. Ga matakan:

(a) Ƙwayar farko ta saki sinadarin gulutamet.

(b) Idan saƙo ya yi ƙarfi, kafar NMDA ta buɗe, kalsiyam ya kwarara cikin ƙwaya ta biyu.

(c) Kalsiyam ya tayar da kinas mai suna CaMKII, wanda kan liƙa wa kansa fosfet, ya ci gaba da aiki bayan kalsiyam ya ragu.

(d) Kafofin AMPA su ƙaru a mahaɗar, saƙo ya riƙa wucewa da sauƙi.

Wannan ƙarfi na ɗan lokaci ne. Ɗorewarsa na buƙatar wasu kinas, irin su PKA, da kuma ƙera sababbin furotin. Akwai kuma fosfatas, masu cire fosfet su raunana mahaɗa.

4.0 Kammalawa

Tun 1885 Ebbinghaus ya nuna cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi ta zama ɗaya zaunawa a ƙwaƙwalwa. Saboda haka, wajibi ne malami ya riƙa waiwayar darussan baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Auna Fahimta

1. Mene ne aikin kinas a mahaɗar jijiyoyi?
2. Tsara bitar mako guda a kan jinsin suna a Hausa.